Yadda za ka kalli jagoran makaɗan Jamus ka gane aikinsa

Ranar da na nuna wa kawuna bidiyon Kurt Masur, wani jagoran makaɗa ɗan Jamus, a waya, muna shan shayi a ƙofar gida nan unguwar Zariya, sai ya ce, "Ɗana, wannan dattijon ƙuda yake kora?" Makaɗa kusan ɗari na ta fama, shi kuwa ba ganga ba algaita, hannu kawai yake kaɗawa. Ni ma haka na ɗauka da farko.

Ka sauke bidiyon da dare lokacin da rezo ke da kyau, sannan ka kashe sautin gaba ɗaya. Dubi hannun dama, shi ke riƙe da awon kiɗan. In mai bugu huɗu ne, hannun zai yi ƙasa, hagu, dama, sama. Mai uku kuwa ƙasa, dama, sama. Ka bi shi da naka hannun ko yara za su yi maka dariya. Na hagu shi ke cewa a ƙara ko a sassauta, ko ya nuna wa masu goge lokacin shigarsu ya yi. Masur ya fi daɗin koyo domin galibi ba ya riƙe ƴar sandar nan da jagororin makaɗa ke kaɗawa, yatsunsa a fili suke.

Wurin da na fi so shi ne kafin kiɗa ya tashi. Zai ɗaga hannu ya ja numfashi, masu busa su ja tare da shi. Wanda ya taɓa zama kusa da makaɗan kokowa ya ga yadda uban kiɗi ke ɗaga gira ƴan amshi su karɓa, ya san wannan.

Dalilin da ƙifta ido ke isar Masur: shekara 26 ya yi yana jagorancin ƙungiyar makaɗan Gewandhaus a birnin Leipzig na Jamus, daga 1970 zuwa 1996, kuma ainihin gyaran a wurin gwaji ake yin sa. Mutanen garin ma sun saurare shi. Ranar 9 ga Oktoba 1989, da mutum kusan 70,000 suka fito zanga-zanga ana fargabar harbi, muryarsa aka ji a lasifika tana karanta kiran a kai zuciya nesa, aka kuma watse ba a zubar da jini ba. Ya jagoranci makaɗan birnin Niyok na Amurka daga 1991 zuwa 2002, ya rasu a 2015.

Yanzu kunna sautin, ka maimaita daga farko. Kawu dai sai a kallo na uku ya ce in ƙara masa murya.