Yadda Ake Zane da Asid a Kan Jan Ƙarfe Irin na Faransawa

A shekarar 1862 ne Alfred Cadart ya kafa ƙungiyar masu zane da asid a Paris, tare da mai buga hotuna Auguste Delâtre, kuma har yau ana koyar da hanyar da suka bi. Faransawa suna kiran wannan sana'a "ruwa mai ƙarfi", domin asid ne yake sassaƙa zanen, allura kuwa hanya kawai take buɗe masa.

Da farko a sami fallen jan ƙarfe mai santsi, a goge shi da alli da ruwa har maiƙo ya fita. Sai a ɗumama shi, a shafe fuskarsa da haɗin kakin zuma da kwalta da ƙaro, sannan a kanga shi a hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, yadda duk layin da aka ja zai fito ja sarai. A ja zanen da allura da hannu mai sauƙi, a kankare kakin kaɗai ba tare da an huda ƙarfen ba. A tuna cewa dama za ta koma hagu idan aka buga zanen a kan takarda, shi ya sa mai zana titi ko gini yakan duba aikinsa a madubi.

Wurin jiƙawa ne gwaninta take. Bayan an rufe bayan fallen da fenti, sai a tsoma shi cikin asid da aka sirka, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. A yi aikin inda iska take shiga, saboda tururinsa guba ne. Kumfar da ke taruwa kan layuka a share ta da gashin tsuntsu. Idan layukan sararin sama sun ɗan ciwu, sai a ciro fallen, a rufe su da fenti, a mayar da sauran su ƙara zurfi. Da irin wannan maimaitawa ake samun duhu mai nauyi kamar na gine-ginen Paris da Charles Meryon ya zana tsakanin 1850 da 1854, mutumin da ya bar fenti saboda idonsa ba ya bambance launuka.

Daga nan a wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman da ƙyalle mai shara-shara sannan da tafin hannu. Delâtre yakan sake bi da tattausan ƙyalle don tawadar ta ɗan fantsamo gefen layi, abin da ke ƙara wa hoto laushi, kodayake idan ya yi yawa yakan ɓoye raunin zane. A ɗora takarda mai ɗanshi, a rufa bargo, a bi da su cikin injin matsewa, a duba bugun farko kafin a yanke shawarar ƙara layi.