Shawara ga sabbin masu ɗaga ƙarfe

Jama'a, a bi jiki a hankali. Tsokar da ka wahalar yau tana bukatar hutun awa 48, domin a lokacin hutun take ginuwa. Zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 8 zuwa 12 ba tare da bayanka ya lanƙwashe ba. In ya yi maka sauƙi, ƙara kilo 1 ko 2 kawai.

Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Amma in hannu ya kumbura ya ƙi miƙewa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to tsoka ce ta farfashe, kuma abin da ta zubar cikin jini yana iya lalata ƙoda. Don Allah a tafi asibiti a ranar, kar a sha maganin rage ciwo na diclofenac, yana ƙara wa ƙoda wahala.