Ga Sababbin Zuwa Sikotilan: Ku Sa Kilt, Ku Bar wa Sojoji Kwat Ɗinsu

Makon jiya wani ƙaninmu da ya zo karatun digiri na biyu a Gilasgo ya turo mini hotonsa, bakinsa har kunne. An gayyace shi bikin abokin karatunsa, ya yi hayar kilt, wato zanen gargajiya mai ninki da mazan Sikotilan suke ɗaurawa a ƙugu, ya kuma shiga shagon gwanjo ya sayo jar kwat ta soja mai maɓallai masu walƙiya da igiya uku a hannu, ya ɗora a kai. "Yaya, ya ka gani?" in ji shi. Ban tsaya rubutu ba, na kira shi na ce ya cire ta tun kafin ya fita daga ɗaki. Shi ne na uku da na ga ya yi haka cikin shekara biyu, kuma dukkansu babu wanda ya tambayi na gaba da shi kafin ya kashe kuɗinsa.

Zancen sanyi, da buɗe asusun banki, da rajista da likita, da inda ake samun naman halal, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba. Ku je sallar Juma'a, duk wanda kuka tara zai nuna muku.

Shi kilt ba a hana kowa sawa ba. Mutanen nan suna jin daɗin ganin baƙo a ciki, muddin bai kira shi siket ba. Ninkin yana baya, shafaffen gefen yana gaba, tsawonsa ya tsaya a tsakiyar gwiwa. Na sha ganin namu sun juya shi gaba a baya a hoton kammala karatu. Launukan zanen, waɗanda suke kira tartan, yawancinsu na dangogi ne, amma akwai na kowa da kowa, kamar Black Watch mai duhun kore da shuɗi da baƙi. Akwai ma na Musulmi da aka fitar a 2012. Balmoral ne aka keɓe wa gidan sarauta, kuma babu shagon hayar da zai miƙo muku shi.

Matsalar tana sama, a kan kwat. Ga abin da ya same ni.

A shekarata ta biyu a Abadin, abokin aikina ya gayyace ni aurensa a wani ƙauye kusa da Perth. Kwat ɗin da shagon haya ya ba ni baƙa ce, na ga ba ta da kwarjini. Sai na ci karo da wata mai duhun kore a shagon tsofaffin kaya, da tambari a wuya, da ɗan ƙyalle shunayya mai koren gefe a ƙirjin hagu. Fam 40 na biya, na ɗauka ado ne kawai. Bayan an ci abinci, kawun amarya, wani dattijo mai sanda, ya zo ya miƙo mini hannu da girmamawa, ya tambaye ni bataliyar da na yi aiki. Na ce ni ba soja ba ne. Ya daɗe yana kallon ƙyallen nan. Ya ce ƙyallen lambar yabo ta soja ne, shi ma yana da irinsa a gida, na aikin da suka yi a Ireland ta Arewa, kuma abokinsa da suka tafi tare bai dawo ba. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, ya juya ya koma kujerarsa. Na fita waje na tuɓe kwat ɗin, na ƙarasa bikin daga ni sai farar shat. Ango ya ce kada in damu, amma an yi wata da watanni kafin amaryarsa ta saki jiki da ni, kuma ban ga laifinta ba.

Daga baya na gane dalili. Bayan yaƙin Culloden a 1746, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunukan Sikotilan sa kayansu na gargajiya, in ban da waɗanda suka shiga sojan sarki. Sai a 1782 aka soke dokar. Tsawon shekarun nan a jikin soja kilt ya rayu, shi ya sa har gobe kayan biki na farar hula suke da yankan kayan soja, shi ya sa kuma baƙo yake ruɗewa. Perth ɗin da na je, garin rundunar Black Watch ne, wadda tartan ɗin nan ya samo sunansa daga gare ta, gidan tarihinta yana nan a tsohon gidan sarauta na Balhousie. A 2006 aka haɗe tsofaffin rundunonin sojan ƙafa shida na ƙasar zuwa guda, Royal Regiment of Scotland, amma dattawa ba su manta da tambarin tasu ba. Daga nesa suke karanta maɓalli da igiya da anini kamar yadda muke karanta naɗin rawani. Wa zai naɗa rawani mai kunne biyu ya shiga fadar Kano alhali ba jinin sarauta ba ne?

Abin da yake ba ni haushi shi ne mu ba baƙin wannan magana ba ne. A gida, wa zai sa kakin soja ya bi ta ƙofar bariki? A nan babu mai sa ka tsallen kwaɗo, amma akwai dokar 1894 da ta hana wanda ba soja ba sa kayan soja ba tare da izini ba, sai a wasan kwaikwayo da makamantansa. Mai zama da biza ba shi da dalilin gwada ta.

To, in kun shiga shagon haya, ku faɗa musu irin taron da lokacinsa. Na dare mai baƙar kwat, Prince Charlie za su ba ku, gajeriya mai maɓallan azurfa. Na rana, Argyll ko ta ulu mai kauri. Duk na farar hula ne, babu tambarin kowa a jiki. Ɗan'uwanmu da ya yi soja a Najeriya ko Nijar, kada ya ɗora kwat ɗin dinar hafsoshi a kan kilt ɗin haya. Kaki ba a gauraya shi da kayan gida. Ya sa kwat ɗin farar hula ya maƙala lambobinsa a hagu. Wanda kakansa ya yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma lambobin suna hannunsa, ya maƙala su a dama, musamman ranar tunawa da mazan jiya, Lahadi ta biyu ta Nuwamba. Dama tana nufin na magabata ne. Mutanen nan za su zo su tambaye ka labarinsa, kai kuma ka ba su da alfahari.

Akwai 'yar wuƙa da ake sokewa a safa, sgian-dubh. Doka ta yi mata uzuri in tana cikin kayan gargajiya, amma ni shawarata ku karɓi ta roba, kuma kada ta gaske ta shiga jakar hannu a filin jirgi. Batun al'aura kuwa, ku sa wando mai kaiwa gwiwa a ciki, don lokacin salla zai riske ku a wurin biki. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, akwai dogon wando na tartan da suke kira trews, babu mai ganin ya gaza.

Kuma ku duba katin gayyata da kyau. Sau da yawa an yarda da kayan gargajiya na ƙasar mutum. Daren Burns na bara, wato daren tunawa da marubucin waƙoƙinsu Robert Burns, 25 ga Janairu, mu huɗu muka shiga da manyan riguna na shadda da huluna zanna bukar, har aka tashi mutane suna zuwa suna shafa aikin wuyan suna tambayar kwana nawa ake yi ana ɗinka shi. Ƙaninmu na Gilasgo ya mayar da jar kwat ɗin, na ara masa babbar rigata mai aska takwas. Bikin Asabar mai zuwa ne.