Yadda Makarantun Littafi Mai Tsarki na Ƙasar Katsina Za Su Haɗa Hannu Wajen Horar da Shugabannin Ikilisiya

Duk wanda ya san ƙauyukan Malumfashi, Kafur da Bakori ya san cewa mai bishara ɗaya yakan riƙe majami'u biyu ko uku, shi ne mai wa'azi, shi ne mai sulhu tsakanin ma'aurata, shi ne mai jana'iza, ga kuma gonarsa tana jiransa. Makarantar da ta horar da shi kuwa sau da yawa ba ta da malamai isassu, littattafanta ba su cika kabad biyu ba. Kowace ɗarika tana fama ita kaɗai da wannan ƙaranci, alhali abin da wannan ta rasa yana hannun maƙwabciyarta.

Haɗin kai irin wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa. Kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru kusa da Jos ta soma aiki a 1959 a ƙarƙashin ikilisiyoyin da ke cikin tarayyar da yau ake kira TEKAN, kuma cikinsu akwai masu yi wa jarirai baftisma, akwai waɗanda ba sa yi sai ga wanda ya girma ya furta bangaskiyarsa. Wannan bambanci bai hana su zama a aji ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a yi makamancin haka a ƙaramin mataki, daidai ƙarfin makarantunmu.

Kada a fara da babban taro. Zumunta a ƙafa take, saboda haka shugaban makarantar da ya ga dacewar abin ya tashi da kansa ya ziyarci takwarorinsa ɗaya bayan ɗaya, bayan ya nemi izinin shugabannin gundumarsa ko bishof ɗinsa. Tsallake wannan izini shi ke kashe shiri tun yana ƙwai, domin shugabanni sukan ɗauka ana so a janye musu ɗalibai ne. A lokacin ziyarar kowace makaranta ta rubuta abin da take da shi ba tare da ƙari ba: malamai nawa, wane fanni kowanne ya ƙware a kai, littattafai nawa ne na Hausa, ɗakin kwana nawa, akwai rijiya ko babu. Daga wannan takarda za a ga inda giɓi yake.

Bayan haka sai a zauna a raba darussa gida biyu, kuma nan ne ya kamata a ɓata lokaci sosai. Akwai darussan da kowa zai iya koyarwa ga kowa, kamar gabatarwar Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, tarihin ikilisiya a Nijeriya, dabarun shirya wa'azi, ba da shawara ga ma'aurata, riƙon littafin kuɗi, da zaman lafiya da maƙwabta Musulmi, wanda a Katsina da Daura darasi ne na kullum. Akwai kuma waɗanda kowace ɗarika za ta riƙe a gidanta: baftisma, Jibin Ubangiji, tsarin mulkin ikilisiya, da batun naɗa mata. A rubuta wannan rabo a cikin yarjejeniya, a kuma rubuta cewa malamin da ya zo daga wata ɗarika ba zai yi amfani da aji ya soki koyarwar masu masaukinsa ba. Idan ɗalibi ya yi tambaya a kan abin da ake da saɓani, malamin ya bayyana ra'ayoyin biyu da adalci, ya mayar da shi ga malaman ɗarikarsa. A ganina, Katolika, waɗanda suka sami dayosis tasu ta Katsina a 2023 ƙarƙashin Bishof Gerald Mamman Musa, za su fi sauƙin shiga ta ƙofar bitar katikis da masu bishara, tun da horon limamansu yana da nasa dogon tsari a manyan makarantunsu.

Musayar malamai ta fi yin amfani idan an dunƙule darasi. Maimakon malami ya riƙa zirga-zirga kowane mako, sai ya zo ya zauna mako biyu ya kammala darasi guda, a tara ɗaliban makarantu biyu ko uku wuri ɗaya. A sa wannan bayan an gama kaka, daga Disamba zuwa Afrilu, amma a kauce wa makon Kirsimeti da na Ista. Da damina ɗalibi manomi jikinsa ne kawai ke aji. A kuma zaɓi wurin taro da lura, domin hanyoyin yankin Kankara, Faskari da Sabuwa sun sha fama da 'yan bindiga; a tsara tafiya da rana, a nemi labarin hanya daga mutanen gari kafin a tashi.

Batun harshe ya fi yadda ake zato nauyi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, amma littattafan sharhi da na koyarwa har yau mafi yawansu na Turanci ne, ɗalibi ya karanta da Turanci, ya hau bagadi ya rasa kalmar da zai faɗa wa tsohuwa a garin Gozaki na yankin Kafur. Makarantun su raba aikin rubutu kamar aikin gayya: wannan ta ɗauki littafin Romawa, waccan ta ɗauki littafin Farawa, a kafa ƙaramin kwamiti da zai daidaita kalmomi don kada a sami fassara uku ta kalma ɗaya. Abin da aka rubuta a buga shi da sauƙi, a kuma karanta shi a ɗauki murya a tura ta WhatsApp ga masu bishara da shugabannin zumuntar mata waɗanda ba za su iya barin gida ba. Wannan shi ne ruhin tsarin TEE, wato kai makaranta inda ɗalibi yake, wanda aka fara a ƙasar Gwatamala a 1963.

Sai takardar shaida. A amince cewa darasin da ɗalibi ya ci a makaranta ɗaya ba zai maimaita shi a wata ba, wanda ke nufin sa'o'in karatu ɗaya, jarrabawa ɗaya, da mai duba sakamako daga waje. Daga nan a tuntuɓi manyan makarantu irin su JETS ta ECWA a Jos, wadda aka kafa a 1980, da kwalejin St. Francis ta Angilikan a Wusasa, da makarantar Baptis ta Kaduna, a tambaye su sharuɗɗan da suke bi wajen karɓar ɗalibi, sannan a gyara manhaja ta dace da su. Ƙa'idojin hukumar ACTEA, wadda aka kafa a 1976 don tantance makarantun tauhidi a Afirka, suna da amfani a matsayin ma'auni ko da makaranta ba ta kai ga neman rajista ba tukuna.

Kuɗi kuwa a yi maganarsu tun ranar farko, kada kunya ta sa a bari sai an ci bashi. Mai masauki ya ɗauki abinci da makwanci, makarantar da ta aiko malami ta ci gaba da biyan albashinsa, kuɗin mota da na buga takardu su fito daga asusu ɗaya da kowa ke zubawa gwargwadon yawan ɗalibansa. Ma'aji da mai binciken kuɗi kada su fito daga ɗarika ɗaya, shugabancin kwamiti kuma ya riƙa zagayawa. A sa wa yarjejeniyar wa'adin shekara 3, a rubuta a ciki cewa duk makarantar da ke son fita za ta ba da sanarwar zango guda, kuma ɗalibanta da suka riga suka fara darasi za su kammala shi su karɓi sakamakonsu.