Yadda ake kafa RabbitMQ don manhajoji su riƙa aika wa juna saƙo

'Yan'uwa masu rubuta manhaja a nan Katsina sun sha tambayata kan wannan. RabbitMQ kyauta ce, lambobinta a buɗe suke. Aikinta ajiye saƙo a layi har mai karɓa ya shirya.

1. Saka Docker a kwamfutarka, wato manhajar da za ta gudanar da RabbitMQ a keɓe.

2. Kunna RabbitMQ da wannan umarni:
docker run -d --hostname zomo -p 5672:5672 -p 15672:15672 -v zomo:/var/lib/rabbitmq rabbitmq:4-management

Hattara: kada ka cire --hostname. Da wannan sunan take ajiye bayananta. Idan ya canza, tsofaffin layukanka ba za su bayyana ba.

3. Buɗe localhost:15672 a burauza.

4. Shiga da guest, ka rubuta shi a wurin suna da kuma wurin kalmar sirri.

5. Ƙirƙiri naka asusun, ka ba shi cikakken iko.

6. Goge guest. Kowa ya san shi.

7. Buɗe sabon layi mai suna oda, ka zaɓi Durable, wato mai ɗorewa.

8. A manhajar da ke aikawa, idan da pika ta Python kake aiki (ita ke haɗa manhajar Python da RabbitMQ), sa delivery_mode=2 don a rubuta saƙon a faifai.

A nan ake yawan tuntuɓe. Layi mai ɗorewa kaɗai bai isa ba, sai an rubuta saƙon kansa a faifai. In ba haka ba, da an ɗauke wuta kafin a tayar da janareta, odar kwastoma ta bi iska.

9. A manhajar da ke karɓa, bar auto_ack a kashe, don kada RabbitMQ ta cire saƙo daga layi da zarar ta tura shi.

10. Kira basic_ack, wato shaidar da ke sa RabbitMQ ta cire saƙon daga layi, bayan an gama aikin, kada ka yi gaggawa.

11. Kashe mai karɓar, ka tura saƙo biyar, sannan ka kunna ta. Duk biyar ɗin su iso.