Idan aka kira ka daga gida da tsakar dare

Duk wanda ya baro Kano ya zauna a ƙasar waje, wata rana wayarsa za ta yi ƙara a lokacin da ba a saba kiransa ba. Ni tawa ta zo a shekarata ta biyu a Ingila. Yaya ne, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Jikin Baba dai sai a hankali, in da hali ka zo." Mutanenmu ba sa faɗin magana kai tsaye ga wanda ke nesa, don haka abu na farko, ka samu mutum ɗaya a gida wanda zai gaya maka gaskiya. Tambaye shi ƙarara: yana asibiti ne, ko ya cika?

Amsar ita ce za ta nuna maka tikitin da za ka saya. In rasuwa ce, ka sa wa ranka cewa ba za ka samu jana'iza ba. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kai kuwa ko jirgin Landan zuwa Abuja sai ya ci awa shida, ban da jiran na Kano. Zaman makoki za ka riska. Jinkirin kwana biyu ko uku yakan sauko da farashi, kuma 'yan ta'aziyya ba su watse ba. In kuwa jinya ce ta tsananta, to rufe ido ka biya, ko da rance ne.

Akwai maganar da sababbin zuwa ke ji, wai ka je filin jirgi da jakarka ka jira kujerar wanda bai zo ba, a ba ka da araha. Wannan zamani ya wuce. Jiran gurbi yanzu na wanda ya riga ya riƙe tikiti ne yake so a matso da shi jirgin da ya riga nasa tashi, sai kuma ma'aikatan kamfani da iyalansu. Tikitin da za a yanka maka a kanta sau da yawa shi ne mafi tsada.

Rangwamen rasuwa, wato sauƙin kuɗin tikiti da kamfanin jirgi ke yi wa wanda aka yi wa rasuwa, shi ma ya yi ƙaranci. Kamfanonin jiragen American da United sun soke nasu tun 2014. Delta da Air Canada suna yi, amma sai ka nema da kanka, kuma za su so sunan mamacin, dangantakarku, da shaida daga asibiti. A nan ne namu ke tuntuɓe, domin wa ke tunawa da takarda ranar rasuwa a Kano? Sa ƙaninka ya karɓo ta ya ɗauko hoto ya turo ta WhatsApp. Kuma ka gwada farashin da na intanet, wani lokacin rangwamen bai kai shi sauƙi ba. Na Amurka su sani cewa dokar soke tikiti kyauta cikin awa 24 ba ta tilasta wa kamfani sai in an saye shi saura kwana bakwai ko fiye a tashi.

Wajen nema, kada ka tsaya kan filin Malam Aminu Kano kaɗai. Ethiopian ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira da Qatar Airways ta Doha duk suna sauka Kano, amma ba kullum ba. Duba Abuja da Legas, daga nan ka hau na cikin gida. Abuja zuwa Kano kamar awa ɗaya ne. Sai dai tikiti biyu daban-daban ba ruwan ɗaya da ɗaya: na farko ya makara, na biyu ya tafi da kuɗinka. Bar tazara mai yawa, musamman a Disamba da Janairu da hazo ke hana jirgi sauka Kano. Hanyar Faransa ko Jamus kuma ka fara tabbatar ko fasfon Najeriya na buƙatar bizar wucewa a irin takardun da kake da su.

Abin da ya fi kuɗi haɗari shi ne dawowa. A Ingila, in ka miƙa takardar sabunta biza ba a amsa ba, ka fita zuwa Najeriya, an ɗauka ka janye ta. Ɗalibi a Amurka ya duba sa hannun tafiya a takardarsa ta I-20 da makarantarsa ta ba shi. Wanda fasfonsa ya mutu, ofishin jakadancinmu na ba da takardar tafiyar gaggawa, amma ta zuwa gida ce kawai, ba ta dawo da kai.

Ni a daren nan hannuna rawa yake, har na rubuta kwanan wata ba daidai ba. Wani malami ɗan Gwale da muke sallar Juma'a tare ya karɓe kwamfutar ya ce, "Zauna, ƙanina, kawo fasfon." Shi ya gyara, shi ya cika kuɗin da katina ya gaza. Na sauka Kano ta Addis washegari da rana, na wuce asibiti da jakata a hannu, na tarar da Hajiya zaune kan tabarma a bakin ɗakin, Baba na barci.