Yadda Ake Haɗa Tubalan Froebel Don Ajin Naziri a Jos

Friedrich Froebel malami ne Bajamushe, an haife shi a 1782, ya rasu a 1852. Ya zauna wajen Pestalozzi, masanin koyar da yara, a garin Yverdon na ƙasar Switzerland, ya yi aiki a gidan adana duwatsu na Jami'ar Berlin, kuma a 1840 ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara da ke Bad Blankenburg suna Kindergarten, wato lambun yara. Kayan wasan da ya tsara "kyaututtuka" ya kira su. Kyauta ta uku a jerinsu, wato tubalan katako, ita ce ta fi sauƙin haɗawa, kowane kafinta a Jos zai iya.

Ga abin da za a ce wa kafinta: tubala 8 na katako, kowanne inci ɗaya tsawo, faɗi da kauri, sai akwati mai murfin zarewa wanda zai ɗauke su cif. A haɗe suna ba da babban tubali guda mai inci biyu. In za a sayi katako a Kasuwar Katako, a zaɓi busasshe, domin ɗanye yana tsagewa ko ya karkace da hunturu. A goge shi sumul, ban da fenti, tunda yara na kai komai baki.

Awo shi ne wuyar aikin. Tubali ɗaya ya ɗan fi 'yan'uwansa, ginin yaro ba zai tsaya ba, shi kuwa sai ya ɗauka laifinsa ne. A jera su takwas ɗin a kan tebur a gaban kafinta, a shafa da tafin hannu. In an ji tudu, a mayar masa.

A aji kada a zazzage su. A kife akwatin, a zare murfin ta ƙasa, a ɗaga a hankali, yaro ya fara ganin abu guda cikakke kafin ya raba shi gida biyu, huɗu, takwas. Rabi da kwata ke nan ya koya da hannunsa. Sai ya gina kujera ko gada, da sharaɗin amfani da duka takwas, kuma sabon gini ya fito daga tsohon ta hanyar matsar da tubali ɗaya ko biyu, ba rushewa ba.

Inda malamai suka fi kuskure shi ne gina wa yaro su ce ya kwaikwaya. Malama, ki tambaye shi kawai: "Me ka gina?" Kafin a tashi, shi zai mayar da su tubali guda ya rufe akwatinsa.